Wa Ke Yi wa Baffa Wanka

Sakkwato, 11 ga Oktoba, 2021

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Baffa Usmanu da su Fadima da Jamilatu. Mu nan lafiya muke. Ƙafar Inna ta kumbura makon jiya, amma kumburin ya sauka. Babana yana gaida yayansa, ya ce a gaya masa kullum yana cikin addu'arsa.

Tun da aka yanke layin waya a wajenku ba mu ji muryar kowa ba, babana kuma ya hana ni bin hanyar Sabon Birni yadda take yanzu. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Abdulrazak direba ya yarda zai riƙa kai miki yana karɓo amsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. A asibitin da nake ɗan aiki tun da na gama jami'a na ji labarin wata ƙungiya mai tura masu jinya gida-gida, ga manyan da naƙasa ta kwantar a Isa da Sabon Birni. Ba kuɗi suke rabawa ba. Mutum suke turowa, namiji ga namiji, mace ga mace, ya yi wa majinyaci wanka, ya juya shi, ya taimaka masa wajen kewayawa da sa tufafi. Na je babban ofishinsu na nan da ƙafata, na sa matar da ke wurin ta maimaita mini bayanin, don kar in rubuto miki abin da ban tabbatar ba.

Sharuɗɗansu huɗu ne. Na farko, mutum ya kai shekara goma sha takwas. Na biyu, naƙasar ta jiki ce, kuma likita ya shaida ba mai saurin wucewa ba ce. Na uku, ba ya iya yi wa kansa aƙalla abu biyu cikin waɗannan: wanka, sa tufafi, kewayawa, tashi daga shimfiɗa, cin abinci. Na huɗu, babu wani baligi mai lafiya a gidan da ke yi masa su.

Uku na farko ba ni da shakka a kansu. Tun da Baffa ya faɗo daga kan rumbu a Tsamaye bara da kaka ƙafafunsa ba su sake motsi ba, takardar likitan kuma tana hannun babana. Na huɗun ne ban sani ba. Mijinki Yaya Jibrilla yana Ikko wurin nema, matar Baffa Allah ya yi mata rasuwa, kun kuma bar dangi a ƙauye kun dawo gari. To wa ke kula da shi? Ki rubuto mini dalla-dalla. Ki kuma nemo mini izininsa, don ba za ni sa sunansa ba sai ya yarda.

Ƙanwarki,
Ni'imatullahi Muzammilu

Sabon Birni, ranar Lahadi

Ni'ima ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta tun ban cire lulluɓi ba. Muna lafiya. Jamilatu ta yi zazzaɓi ta warke. Fadima ta kai izu biyu a Islamiyyar da nike koyarwa. Baba, wato baffanki, shina nan yadda kinka san shi, jiki dai sai haƙuri. Yayanki ba mu ji daga gare shi ba tun da anka yanke waya. Sai mutum ya hau babur ya je bakin iyaka ya kama layin Nijar, mu kuwa ba mu da mai zuwa.

Kin tambayi wa ke kula da shi. Ni'ima, wagga wace irin tambaya ce? Ai muna nan. Abincinsa ba ya makara, tufafinsa ba su kwana da dauɗa, ruwan butarsa ba ya ƙarewa. Malam Abu, abokinsa tun na Tsamaye, da shi munka baro ƙauye tare, gidansa na jikin namu. Shina leƙowa in ƙirjinsa ya bar shi.

Shi na ba takardar ya karanta masa, don kin san ni ba ni iya zama gabansa da irin wagga magana. Ina jin su daga tsakar gida. Baba ya yi dariya, wadda na daɗe ban ji ba, ya ce, "Ɗiyar Muzammilu ta gama boko, ta fara aiko mana gwamnati har ɗaka." Malam Abu ya ce, "To ka yarda, ko in ce mata ka ƙi?" Ya ce, "Yarinya ta yi zumunci in gwale ta? A ce na yarda. Su zo, ko ba komi sa sha ruwa."

To kin ji. Allah ya saka miki da alheri. Ki gaida Inna da jiki, ki gaida Baba Muzammilu.

Yayarki,
Safiyatu

Sakkwato, 28 ga Oktoba

Yaya Safiyatu,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi Jamilatu ta warke. Ki tabbata ta shanye maganin ko da jikin ya yi sanyi. Inna ta gode da gaisuwa.

Na sa sunan Baffa, na haɗa da takardar likita. Don Allah a gyara masa, ba gwamnati ba ce, ƙungiya ce mai zaman kanta. Ofishinsu na Isa zai turo jami'in tantancewa, Malam Hafizullahi, ranar Talata 9 ga Nuwamba, in hanya ta yi kyau. Shi zai ga Baffa, ya yi tambayoyi, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. A kan rahotonsa kaɗai za a yanke hukunci. Ku karɓe shi da kyau, ku amsa masa gaskiya.

Yaya, na yi ta maimaita karanta amsarki. Kin faɗi abinci, kin faɗi wanki, kin faɗi buta. Ba ki faɗi wanka ba, ba ki faɗi juyawa ba. Mutumin da ba ya motsa ƙafa, in ya daɗe kwance a gefe ɗaya, fatar bayansa da ta ƙugunsa tana mutuwa ta zama gyambo, shi kuma ba zai ji zafi ba balle ya faɗa. A makaranta an nuna mana hotunan, har yau ba su fita raina ba. Akwai wanda ya duba bayansa kwanan nan? Wataƙila ni ce mai yawan tsoro, Inna ma haka take cewa. Amma ki amsa mini wannan.

Ƙanwarki,
Ni'imatullahi

Sabon Birni, Alhamis bayan zuwan baƙo

Ni'ima,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Muna lafiya, sai Baba da ya ɗan ji jiki, za ni gaya miki dalili.

Baƙonku ya zo, kuma alhamdu lillahi ba mu ji kunya ba. Tun da safe Malam Abu ya kirawo mutum biyu daga masallaci, sunka yi wa Baba wanka, sunka sa masa shuɗiyar rigarsa ta Sallah, sunka naɗa masa rawani. A kujera sunka ɗauko shi zuwa zaure, anka cusa matasan kai ta bayansa, rigar ta rufe su. Wallahi da kin gan shi sai ki ce yanzu zai miƙe ya ja salla. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, zaure ya cika har waje. Na dama fura, na sa anka yanka zabuwar da ta rage mana.

Ni ina bayan zana ina ji. Malam Hafizullahi mutumin kirki ne, ɗan Isa ne, ya san mutanenmu da yawa. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, wa ke yi maka wanka?" Baba ya ce, "Dube ni da kyau, ɗana. Ka ga alamar wanda ba a yi wa wanka?" Zaure ya ɗauki dariya. Baƙon ya ce, "In za ka kewaya fa?" Sai liman ya ce, "Haba Malam, a gaban jama'a?" Baba ya ce, "Bar shi, aikinsa ne. Ina da ɗiya a cikin gidan ga, matar ɗana. Tun da na faɗi ba ta bar ni na rasa komi ba. Rubuta haka." Mai unguwa ya ƙara da cewa duk unguwar ga ɗiyansa ne, ba a barin dattijo irinsa ya wulaƙanta.

Ni'ima, hawaye sunka zubo mini. Shekara tara ina aure a gidansu ban taɓa jin ya yabe ni da bakinsa ba, sai ranar, gaban liman.

Baƙon ya nemi ya ga ɗakinsa. Baba ya ce, "Ɗakin tsoho mi za ka gani ciki? Sha furarka." Ya sake nema, mai unguwa ya sa baki, sai ya haƙura. Baba bai langaɓe ba, bai yi nishi ba, har anka raka baƙo bakin hanya. Da sunka mayar da shi ɗaki rigar ta jiƙe sharkaf da gumi, zazzaɓi ya rufe shi, amma yau ya sha kunu.

Mun yi iya yinmu. Sai ki gaya mana yaushe mai jinyar zai fara.

Yayarki,
Safiyatu

Sakkwato, 22 ga Nuwamba

Yaya Safiyatu,

Ina gaisuwa, ina yi wa Baffa sannu. Zazzaɓin ya tafi gaba ɗaya? In ya dawo kar a ce gajiya ce kawai.

Ba ni da labari mai daɗi. Yau na karɓo sakamako, ba su amince ba. Sun ce ya cika sharaɗi na farko da na biyu. Na uku sun ce ba a tabbatar ba, don jami'in ya same shi zaune tsaf, bai kuma ga makwancinsa ba. Na huɗu sun ce bai cika ba: akwai baliga mai lafiya a gidan, matar ɗansa, kuma shi da bakinsa ya shaida tana yi masa komai.

Tun da na karanta takardarki na zargi haka, tun kafin in je ofishin. Yaya, mutumin nan ba baƙon suna ba ne, ba na ɗaurin aure ba ne. Ya zo ne ya ga yadda Baffa yake ranar da ba kowa, ku kuma kuka nuna masa ranar Sallah. Ban ga laifin Malam Hafizullahi ba. Ba zai ƙaryata dattijo a gaban liman da mai unguwa ba, kuma ba shi da ikon rubuta abin da bai gani ba. Ni ma da na ce ku karɓe shi da kyau, ya kamata in ƙara bayani.

Akwai sauran dama. Ana iya neman a sake dubawa cikin wata guda daga yau, sau ɗaya tak. In ta wuce sai baɗi, in har shirin yana nan. Abin da ake buƙata shi ne wani ɗan gidan ya faɗa a gaban jami'in cewa babu mai kula da Baffa. A gidan kuwa ke kaɗai ce babba. Don haka ke za ki faɗa cewa ba ki kula da shi.

Har yanzu ba ki amsa mini maganar bayansa ba.

Ƙanwarki,
Ni'imatullahi

Sakkwato, 9 ga Disamba

Yaya,

Lafiya kuwa? Abdulrazak ya rantse a hannunki ya sa takardata, ya kuma koma kika ce babu amsa. Daga baya hanya ta ɓaci, ya ajiye mota, sai yau zai sake gwadawa. Duk lokacin da na ji an ambaci Sabon Birni a rediyo sai in kasa cin abinci. In wani abu ya samu Baffa ki gaya mini ko da layi ɗaya ne. In kuma ni na yi miki laifi, ki faɗa mini shi. Damar sake dubawa za ta rufe ranar 22 ga wannan wata.

Ni'imatullahi

Sabon Birni, Juma'a

Ni'imatullahi,

Muna lafiya. Abin da kunka ji a rediyo ba cikin gari ba ne. Baba shina nan. Ban amsa ba don raina ya ɓaci, kuma ban so in rubuta cikin fushi ba.

In tsaya gaban baƙo in ce ba ni kula da shi? Ni da ke dama masa kunu kafin in ba ɗiyana? Ni da ke wanke zannuwan da ko ɗan cikinsa bai taɓa gani ba? Yabon da ya yi mini gaban jama'a shi kike so in je in goge da bakina, a ce matar ɗansa ta ƙaryata shi. Ke kina Sakkwato kina ƙidaya sharuɗɗa, ni ce za ni ci gaba da zama unguwar ga.

Na huce yanzu. Ga amsar da kike ta nema.

Ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Ko sau ɗaya. Kin taso birni, wataƙila kin manta yadda muke. Surukina ne. Ba ni faɗin sunansa, ba ni haɗa ido da shi, ba ni cin abinci inda zai gan ni. A bakin ƙofa nike durƙusawa in gaishe shi ta bayan asabari, in tura kwano da buta ciki. Shi kuma sai ya ji ba ni kusa, sannan ya ja jiki da hannuwa ya turo fo da zannuwan da sunka ɓaci waje. In ɗauke, in wanke, in mayar. Ba mu taɓa maganarsu ba.

Wanka Malam Abu ne, ran Juma'a, in fukarsa ba ta tashi ba. Shi ma tsoho ne, ba ya iya ɗaga shi, sai dai ya goge inda hannu ya kai. Mutanen masallaci suna zuwa in an kira su, amma Baba ba ya bari a kira su sai da dalili irin na ranar nan. Juyawa kuwa ba mai juya shi.

Kar ki ce mini addini ya yi rangwame in akwai larura. Na sani, ni ke koyar da shi. Da damina na aiki matar Malam Abu ta gaya masa na yarda in riƙa shiga, in rufe abin da ya kamata in rufe, in yi masa. Wuni biyu kwanon da na tura shina dawowa yadda na kai shi. Daga baya ya ce wa Malam Abu gara a kai shi kabari da ƙazantarsa da matar ɗansa ta ga tsiraicinsa.

Bayansa ban gani ba. Amma ni ke wanki. Tun kafin zuwan baƙo akwai wani ruwa-ruwa a zanen shimfiɗarsa, daidai ƙugu. Yanzu da jini, kuma da wari. Na tambayi Malam Abu, ya kawar da kai ya ce a yi addu'a.

Ina jin tsoro, Ni'ima. Gaya mini abin da za ni yi wanda kunyarsa ba za ta kashe shi ba.

Safiyatu

Sakkwato, 20 ga Disamba

Yaya Safiyatu,

Na gode wa Allah da kuke lafiya. Ki yafe mini. Sharaɗin magana yake a kan wanka da kewayawa da sa tufafi da tashi daga shimfiɗa, ni kuma na dunƙule su don sauri, na zalunce ki. Ba wanda zai nemi ki ce ba ki kula da shi.

Yau da safe na shigar da neman sake dubawa, an karɓa, an buga hatimi. Na yi wa matar ofishin bayanin kunyar suruki. Ta ce ta sani, ita ma tana da suruki, kuma sun sha gamuwa da haka. Amma maganata ba hujja ba ce, tunda ba a gidan nake ba. Sai jami'in ya ji daga bakin ɗan gida, ya kuma ga halin da Baffa ke ciki da idonsa.

Malam Hafizullahi zai dawo ranar Talata 28 ga wata, da hantsi. Abin da za ni roƙe ki yana da nauyi, na yi ta juya shi a raina ban samu wata hanya ba. Kar ki gaya wa kowa ranar. Ko Malam Abu, ko Baffa. In ya sani za a sake ɗauko shuɗiyar riga, kuma wannan karon babu wata dama bayanta. Na san ɓoye wa babba abu a cikin gidansa ba tarbiyyarmu ba ce. In ya yi fushi ki ce ni na sa ki, gaskiya ce kuma.

Abin da kika gani a zanen nan ba ya jira. In ya kai ƙashi, ko ya shiga jini, za mu iya rasa shi. Na ba Abdulrazak auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo. Ki ba Malam Abu, na rubuta masa yadda ake yi a jikin kwalin.

Ƙanwarki,
Ni'imatullahi

Sabon Birni, Laraba

Ni'ima,

Ina gaisuwa. Yara lafiya.

Ya zo jiya, shi kaɗai a kan babur. Ban gaya wa kowa ba. Na tura yara maƙwabta, na shigo da shi da kaina, na nuna masa ɗakin da hannu. Ya yi sallama ya ɗaga asabari.

Na ji Baba ya ce, "Wane ne? Subhanallahi! Wa ya shigo da baƙo ba a gaya mini ba? Ina rigata? A kira mini Abu!" Malam Hafizullahi ya ce, "Baba, ni ɗanka ne, ba sai da riga ba." Baba ya ce, "Ɗana ba ya faɗo mini ɗaki kamar ɓarawo." Sannan baƙon ya sake yin tambayoyinsa na farko, a hankali, Baba kuma ya sake ba shi amsarsa ta farko, ko kalma bai canza ba. Ina da ɗiya, ban rasa komi ba.

Sai baƙon ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Malama, kina ji na? Aikina ne in tambaye ki. Ke ke yi masa wanka?"

Ina durƙushe inda na saba. Na ce a raina in na yi shiru na kashe shi, in na yi magana na tozarta shi. Na buɗe baki na ce, "Malam, gaskiya ni…"

Baba ya daka tsawa, "Yi shiru!" Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai jiya. Sannan ya sassauta ya ce, "Yi shiru, ɗiyata. Ba ke za ki ɗauki wanga kaya ba."

Ya ce wa baƙon, "Ɗauko alƙalaminka. Yarinyar ga ba ta taɓa ƙetare ƙofar ɗakin ga ba, kuma ni na hana. Ta nema na ƙi, gobe ma in ta nema za ni ƙi. Ba mai yi mini wanka sai wani tsoho mai fuka, da shi ma mai yi masa yake nema. Ba ni iya tashi, ba ni iya juyawa. Abin da na gaya maka a zaure na faɗa ne don kar a zagi ɗana da matarsa. Ka rubuta wannan. Amma ka rubuta kuma cewa tun da na faɗi ban taɓa jiran abinci ba. In babu wurinsa a takardarka, ka nemo masa wuri."

Baƙon ya ce, "Na rubuta, Baba."

Baba ya ce, "To saki asabarin. Ke kuma matsa can wajen murhu. Zo ka ga abin da kunka zo gani."

Na matsa. Ban ji komi ba sai "Inna lillahi" daga bakin baƙon. Da ya fito ya naɗe hannun rigarsa, ya ce in dafa ruwa in kawo kayan da kinka aiko, don Baba bai bari Malam Abu ya taɓa su ba. Bai tafi ba sai bayan azahar. Ya ce gyambon biyu ne, ɗaya ya yi zurfi amma a ganinsa bai kai ƙashi ba, zai turo ma'aikacin asibiti ya duba.

Tun jiya in na gaida Baba ba ya amsawa. Abinci dai shina ci.

Yayarki,
Safiyatu

Sakkwato, 10 ga Janairu, 2022

Yaya Safiyatu,

Sallama da gaisuwa gare ki da Baffa da yara. Mu lafiya.

An amince. Sharuɗɗan huɗu duka, na karanta da idona, na kuma sa matar ofishin ta karanta mini da bakinta. Mai jinyar sunansa Malam Abdurra'uf, magidanci ne ɗan Unguwar Lalle da ke zaune nan wajenku, ƙungiyar ta horar da shi. Zai riƙa zuwa da safe da kuma la'asar. Bayan wata shida za a sake tantancewa. Ranar, don Allah, kar a dama fura sai jami'in ya ga ɗaki.

Da na karanta wa babana takardarki ya tashi ya shige ɗaki, bai fito ba sai da aka kira salla. Ni kuma abu ɗaya ke damuna. Na sa kin ɓata da mutumin da ya fi kowa ganin girmanki. Ya fara amsa gaisuwarki? Kar ki ɓoye mini.

Ƙanwarki,
Ni'imatullahi

Sabon Birni, Asabar

Ni'ima ƙanwata,

Lafiya lau muke, Allah ya sa ku ma haka. Malam Abdurra'uf ya fara. In ya shigo sai in kwashi yara mu koma gidan Malam Abu har ya gama. Ya ce ƙaramin gyambon ya fara bushewa, babban sai an yi haƙuri.

Unguwa ta sani yanzu. Wasu matan sun daina tsayawa hira da ni a bakin rijiya. Wasu kuma sun zo a ɓoye suna tambayar inda ake sa suna, ashe su ma akwai wanda ke kwance a gidajensu. Yayanki bai ji ba tukuna. Ni za ni gaya masa da kaina, kafin wani ya riga ni.

Gaisuwa Baba ya fara amsawa shekaranjiya, a gajarce. Na sa Malam Abu ya gaya masa ke kinka sa ni, kamar yadda kinka ce. Ya ce ya sani, wai ni ba ni da wanga taurin kai.

Ya ba Malam Abu saƙo gare ki, ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa, kar in gyara. Ga shi: "A ce wa ɗiyar Muzammilu ban yafe mata ba tukuna. A ce mata kuma mutumin da ta aiko hannunsa na da sauƙi, kar a canza shi."

Yayarki,
Safiyatu